Sawun da Ya Zagaye Rijiyar da Babu

Ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye gajimare na zaune a kan rufin gidaje. Na hau matattakalar ɗakin karatu na garinmu ina haki, don a nan ko gidan maƙwabci za ka, sai ka hau ko ka gangara. Na tarar da ƙofa a buɗe, kwaɗo a rataye lafiya lau, akwatin gilashin da ke tsakiyar zaure kuwa wayam.

Ni malamar tarihi ce. Tun da na ajiye alli ba ni da aikin da ya wuce tara tsofaffin taswirorin garin nan, wasu daga ɗakin ajiyar ofishin filaye inda gara ta fara cinsu, wasu daga hannun matar wani mai awon ƙasa da ya rasu. Nufina in jera su a bango mutane su ga yadda garinsu ya riƙa rarrafawa yana hawa dutse. Wadda ke cikin akwatin ita ce uwarsu. Da hannu aka zana ta, kuma ita kaɗai ce ta nuna tsohuwar unguwa, wadda gefen dutse ya zaftare ya binne da mutanenta tun kafin a haife ni. Yanzu wurin fili ne mai ciyawa da duwatsu, kufai muke ce masa, ko akuya ba a cika ɗaurewa a can ba.

Kafin in gama salati zauren ya cika. Mutanen da ban taɓa ganin sun leƙo ɗakin karatun ba, ranar kowa ya zama mai kishin tarihi. Ba a fasa ƙofa ba, makulli kuwa biyu aka sani, nawa da na mai gadi. To ni 'yar gari ce, ba wanda ya zarge ni.

Mai gadin ya yi shekara da shekaru a cikinmu, amma har yau Baƙo ake kiransa, don daga ƙasan kwari ya zo. Yana zaune da matarsa mai ciwon ƙirji a ɗan ɗakin da ke bayan ginin. Aka jawo shi, wani mahauci ya tambaye shi inda yake lokacin da aka shiga.

"Ina nan bakin ƙofa," in ji shi, idonsa a ƙasa.

"To aljanu ne suka buɗe ke nan?"

Ban ga hannun da ya fara ba. Na dai ji ƙarar mari, na ga leɓensa ya fashe. Na shiga tsakani ina ihu, babu mai jina, sai da Shugaba ya ɗaga sandarsa. Shi ne shugaban kwamitin ɗakin karatu, dattijo mai farin gemu, shi ya tsaya aka gina wurin tun ina 'yar makaranta. Ya ce a dakata har ranar kasuwa. In taswira ba ta fito ba, a miƙa Baƙo ga 'yan sanda, ɗakin baya kuma a kwashe kayansu. Ta taga na hango matar Baƙo ta jingina da bango tana tari, raina ya ɓaci ƙwarai.

* * *

Na aika aka kira Duba-ƙasa. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun masu saran itace, yanzu kuma shi ake nema in saniya ta ɓace. Sunan ya bi shi ne don ko gaisawa kuke yi, ƙafarka yake kallo.

Ya tsaya bakin zaure ya dubi taɓon da jama'a suka tattake.

"Malama, ai kun yi wa ɓarawo shara kyauta."

"Baba, ba ni na gayyace su ba."

"Na sani. Gawa ma ba ta gayyatar ƙuda."

Muka zagaya ɗakin baya. Baƙo na zaune yana danna tsumma a baki. Duba-ƙasa ya ɗauki takalmansa ya juya su, ya kankare laka da farce.

"Wannan jar laka ta gangaren kasuwa ce. Ɗan'uwa, ba ka kwana bakin ƙofa ba."

Matarsa ce ta amsa daga kan gado. "Ka faɗa musu mana. Numfashina ne ya sarƙe da asuba, ya gangara ya taso mai kantin magani."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?" na tambaye shi.

"Malama, in na ce na bar bakin aiki, korata za a yi. In an kore ni, ina zan kai ta?"

Makullinsa na wuyansa a igiya, bai rabu da shi ba. Mai kantin magani ya tabbatar da zancen, amma da na kai wa mutane sai suka ce ai an gani, ya yi ƙarya sau ɗaya, me zai hana ta biyu.

* * *

A bayan ginin, ƙarƙashin indararo, Duba-ƙasa ya sami sawun babban takalmi mai haƙora. Bai yi wata-wata ba ya ce na ɗan kwangila ne, wanda aka ba kufai zai baje ya gina masauki. Zuciyata ta yi na'am, don dama ba na ƙaunar mutumin, kuma na ga ribarsa in aka manta akwai mutane kwance a ƙarƙashin filin.

Muka same shi yana shan shayi kusa da katafilarsa. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya yi dariya.

"Hajiya Malama, izinina na hannuna. Ko taswira goma za ki manna a bango, wannan ƙarfen bai iya karatu ba. Na zagaya bayan gininki, gaskiya ne, jiya da la'asar, Shugaba ya ce in duba masa bangon da ya tsage."

Muka koma. Duba-ƙasa ya durƙusa ya daɗe a kan sawun, ya miƙe yana tsaki. Ɗigon ruwa ya huda cikin sawun ko'ina, wato tun kafin ruwa aka taka shi.

"Tsufa ya fara cin idona," ya ce. "Na ga abin da nake so in gani."

Wani dillalin tsofaffin kaya da muka zarga, shi ma bai kai mu ko'ina ba. Ya taɓa lallaɓa ni in sayar masa da taswirar, na kore shi. Amma ruwa ya yanke masa hanya, a daren a kwari ya kwana, direban motar da ta kawo shi shaida ne.

"Da ni ne, Malama, akwatin zan ɗauka," in ji shi. "Ya fi takardar kasuwa."

Yini ya tafi a banza. Da na bi ta bayan ɗakin karatu na tarar an jefi tagar Baƙo da dutse, yana tsince gilashi daga kan bargon matarsa.

* * *

Washegari Duba-ƙasa ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Ya ce ya sami wani sawun a ƙasan matattakalar gefe, wadda ba a cika bi ba, kuma yana so in gani da idona, don ya rasa kansa.

Takalmin roba ne irin wanda rabin garin ke sawa. Taku gajere, duga-dugai na jan ƙasa, mai shi ba yaro ba ne. An taka shi bayan ruwa ya ɗauke. Ya bi bayan makera, ya gangara ta hanyar masu itace, ya shiga kufai ta gefen wani babban dutse mai tsaga.

A nan abin ya rikice. Fili ne fetal, babu bango babu ƙaya, amma sawun ya tafi kaɗan ya karya dama, ya tafi ya karya hagu, kwana mai kaifi kamar mai bin lungu. Can tsakiya ya yi rabin da'ira ya zagaye wani wuri da babu komai sai ciyawa. Gaba kaɗan ya tsaya. Takalman biyu sun zauna gefe da gefe, daga nan sai tafin ƙafa tsirara ya shiga ɗan gaba, sai gurbin gwiwoyi biyu a laka. Da zai koma ma haka ya bi, kwana bayan kwana, bai yanke ko sau ɗaya ba.

"Na bi sawun mashayi, na bi na makaho, na bi na mai taɓin hankali," in ji Duba-ƙasa. "Kowannensu da irin karkatarsa. Wannan ba karkata ba ce, ya san inda za shi. Amma me yake kauce wa?"

Sai na tuna. A jakata akwai wata siririyar takarda da na ɗora a kan taswirar kwanakin baya na kwafi lungunan tsohuwar unguwa, don in faɗaɗa su a allo. Sunayen gidajen ban kai ga kwafa ba. Na shimfiɗa ta a kan dutsen mai tsaga, wanda shi ma yana cikin zanen, na ce ya sake bin sawun yana faɗa min duk inda ya karya.

"Dama."

"Lungun maƙera."

"Hagu."

"Bayan masallaci."

"Nan ya zagaye."

Na dubi takardar. Wani ɗan zobe ne na zana a wurin. "Rijiya ce, Baba."

Ya tsaya yana kallon ciyawar da ke gabansa. Iska ta taso daga kwari mai sanyi, ta kaɗa takardar, na danne ta da tafin hannu.

"To ba ɓarawon kasuwa muke bi ba," ya ce a hankali. "Wanda ya sato taswira don ya nemi wuri, yankewa zai yi ya isa. Wannan a idonsa gidajen na tsaye. Ya je ƙofar gidansu ne, ya cire takalmi ya shiga."

* * *

Mutum ɗaya na sani da ya rage daga tsohuwar unguwa, tsohuwar ungozoma, ita kuwa ta daɗe ba ta taka ƙasa. Muka same ta a ɗakin jikarta, an lulluɓe ta har wuya. Na kai takardar kusa da idonta na ɗora yatsa a gidan da ke bayan rijiya.

"Iya, gidan wa ne nan?"

Ta daɗe tana kallo. "'Yar nan, me ya kai ki tonon abin da ƙasa ta rufe?"

Na ba ta labarin Baƙo da matarsa. Ta juya fuska bango.

"Waɗanda suka tsira sun watse, wasu sun mutu. Saura ni da wanda ba ya so a tuna. Ni na karɓi haihuwar 'ya'yansa, mace da namiji, ni na yanke musu cibiya a ɗakin nan da kika ɗora wa yatsa. Ba ni zan miƙa shi ba."

"Shi yana ina ranar da dutsen ya zaftare?"

"Yana sama, wurin lambunsa. Yaro ne mai zafin nema. Akwai magudanar da kakanni suka haƙa, tana kwashe ruwan dutse ta kai shi rafi. Sai ya tare ta ya juyo da ruwan lambu. Ƙasa ta yi ta sha, ta yi ta sha. Ko shi ne sanadi, ko ba shi ba, Allah ne masani. Babu wanda ya rage da zai tambaye shi."

Na fito ina tuna wani abu. A zaman kwamitin da ya wuce na jera taswirar da wata da aka zana bayanta, ina ta murna kamar yarinya, ina nuna musu layin magudanar da ke cikin ta farko ya ɓace a ta biyu. Na ce zan rataye su kusa da juna ranar buɗewa. Kowa ya yi magana a zaman ban da mutum ɗaya. Kuma wanda ya tsaya aka gina ɗakin karatu, ai ba abin mamaki ba ne in yana da makullin da kowa ya manta.

Na faɗa wa Duba-ƙasa sunan da ke raina. Ya girgiza kai.

"Na riga na yi zato ɗaya na ji kunya, Malama. Zato ba sawu ba ne. In kika faɗi wannan a zaure, ke za su jefa."

"Ga hadari na haɗuwa, zai wanke na filin."

"To sai mu sa a taka sabo."

* * *

Ranar kasuwa, maimakon zaure, Duba-ƙasa ya roƙi kwamiti a yi zaman a kufai. Aka yi ta guna-guni, amma son kallo ya jawo kowa. Ruwan da aka yi ya share filin tas. Jama'a suka tsaya a gindin dutse mai tsaga, ɗan sanda ɗaya na riƙe da hannun Baƙo. Duba-ƙasa ya taka shi kaɗai ya tsaya inda muka ga gurbin gwiwoyi.

"Abu ɗaya nake roƙo," ya ɗaga murya. "Duk wanda na kira ya tako ya same ni, in ga takunsa."

Ɗan kwangila ya fara, hannu a aljihu, ya miƙe sak yana murmushi. Dillali ya bi bayansa yana mita a kan lakar da ta ɓata masa wando. Aka saki Baƙo, ya tafi kansa a sunkuye, kai tsaye. Mahaucin nan ma aka kira, ni ma na taka, don kada a ce an ware wani.

"Saura ranka ya daɗe," in ji Duba-ƙasa, yana fuskantar Shugaba.

Aka yi ca. Wani ya ce wannan rashin kunya ne. Shugaba ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya gyara rigarsa, ya dogara sanda, ya shigo filin.

Ya fara miƙewa kamar kowa. Na ga yana ƙoƙari, wallahi na gani, haƙoransa a cije. Amma da ya kai inda bangon gidan farko yake a takardata, sai ƙafarsa ta tsaya a sama. Ya mayar da ita. Ya karya dama. Ya tafi, ya karya hagu. Surutun mutane ya riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan, har ba a jin komai sai sandarsa na nutsewa a laka. Ya zo tsakiyar fili ya zagaye rijiyar da babu, har da ɗan tattare gefen riga. Da ya iso gaban Duba-ƙasa bai dube shi ba. Ya zare takalmansa ya ajiye su gefe da gefe.

"Matsa," ya ce. "A kan ɗakin matata kake tsaye."

Duba-ƙasa ya matsa. Shugaba ya durƙusa da ƙyar, ya tura wani faffaɗan dutse, ya zaro taswirar daga ƙarƙashinsa a naɗe. Ya miƙo min ba tare da ya ɗago ba.

"Ƙonawa na zo in yi, 'yata. Na ce kada a rataye ta a ga magudanar. Da na buɗe na ga ƙofata, na ga sunana a rubuce, hannuna ya ƙi. Sai na ce bari in kawo wa iyalina ita su riƙe, tunda za a zo a baje su."

"Baba, ka ga ana dukan bawan Allah a gabanka."

"Na gani."

"Kai ka yanke a kwashe masa kaya."

"Ni ne." Ya shafa lakar da ke gabansa da tafin hannu. "Na iya yin shiru, Malama. Shi na fi iyawa a duniya."

Na warware taswirar. Ruwa ya shige ta, tawada ta narke. Saman gari na nan, rafi na nan, amma tsohuwar unguwa ta zama wani shuɗin tabo, babu lungu, babu suna, babu magudana. Na tsaya riƙe da ita hawaye na zubo min, ban san wa nake yi wa kukan ba.

Sai ga shi masu zafin kai sun yi laushi. Mahaucin da ya fi kowa ihu ranar farko shi ya fara cewa ai dattijo ne, a rufa masa asiri, wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa. Aka ce tunda kaya sun fito magana ta ƙare. Mutum biyu suka kama Shugaba suka tayar da shi, wani ya durƙusa ya sa masa takalmi. Ɗan sanda ya kaɗe hularsa ya tafi. Aka watse ana ta jimami, aka wuce Baƙo a tsaye, ko sannu babu wanda ya ce masa.

* * *

Bayan kwana kaɗan na hau ɗakin karatu na tarar da motar a-kori-kura a bakin matattakala. An ɗora katifa da tukwane, an kwantar da matar Baƙo a kai an rufa mata bargo, shi kuma yana ɗaure kaya.

"Ina za ka? An wanke ka, kowa ya gani. Ni da kaina zan sa a gyara tagar."

"Na gode, Malama. Ke kin yi iyakar yinki."

"Hanyar nan za ta jijjiga ta, ba ta da ƙarfi."

"Ita ta ce mu tafi. Ta ce gara ta mutu inda za a kira mijinta da sunansa." Ya taɓa leɓensa da bai gama warkewa ba. "Shi da ya yi, an ce a rufa masa asiri. Ni da ban yi ba, an fasa min baki. Kullum in na share zauren nan ina kallon taswirorinki, tsoho da sabo, har na baya-bayan nan. Ban ga wadda aka sa ɗakina a ciki ba."

Ya cire igiyar makullin daga wuyansa ya sa min a hannu, da ɗuminta. Na buɗe baki in kira shi in ba shi haƙuri, sai na tarar ni ma Baƙo kawai na sani.

Motar ta gangara. Duba-ƙasa na tsaye gefena, kansa a ƙasa kamar kullum, yana kallon sawun da mutumin ya bari daga ƙofar ɗaki zuwa inda motar ta tsaya.

"Bai waiwaya ba," ya ce.

Can ƙasa, wajen kufai, aka tayar da katafila.